Bashin Fensir

Da akwatin ƙarfe ɗaya ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Jos:
laima goma sha biyu, maɓallai, da zare.
Sanyi ya shiga ƙashinsa tun bai sami masauki ba.
Sunansa Tikamdas. Bakinmu ya gaza,
muka yanke wa sunan wutsiya, ya koma Tika.

Ni ne yaron shagonsa, Ɗanliti na Gangare,
mai shara, mai riƙe bakin yadi.
'Yan haƙar kuza kan sauko ranar albashi,
jar laka har gwiwa,
su ɗauki bargo, su ce ciko sai wata ya mutu.
Littafi ɗaya gare shi, abin rubutu biyu.
Bashin ɗan kwangila, da biro.
Bashin lebura, da fensir.
Sau ɗaya na tambayi dalili, ya ce,
"Biro bai san ciwo ba, Ɗanliti."

Daga laima ya kai ga injin saƙa a hanyar Bukur,
mutum ɗari da hamsin na cin tuwo a inuwarsa.
Ban ce waliyyi ba ne.
Ya taɓa zaftare mini sule uku kan gilashin fitila,
har yau in na tuna, raina kan sosu.

Matarsa Sabitri, alli ne abincinta.
Shekara ashirin da biyu tana ɗura wa 'yan mata lissafi.
Ran Asabar ta hau duwatsun Shere da kwando,
ta tsinko ganyaye, ta tare tsofaffi a Farar Gada:
wannan me kuke ce masa? Birom fa, me suke cewa?
An ce kundin da ta cika
yana wata jami'a can ƙasarsu, ana wanke hannu kafin a taɓa.

'Yarsu Hemlata, a nan aka binne cibiyarta.
A wuyana take zuwa silima.
Kowa ya zuba wa bango ido, ana rawa, ana kuka,
ita ko sai ta juya baya
tana kallon 'yar kafar da hasken ke fitowa.
"Wa ke ciki?" in ji ta. "Shi nake son gani."

Sai suka tafi.
Injin ya yi tsatsa, babbar kasuwa ta ci wuta,
gari ya koyi tsoron kansa.
Shekara arba'in ba ko wasiƙa.

Bara da damina sai ga wata mai furfura,
samari biyu na biye da ita da kyamara.
"Ɗanliti, ina gajiya? Ka daina satar gyaɗa?"
Hausarta ta Jos tana nan, ko haƙori ɗaya bai faɗi ba.
An ce finafinanta sun ci lambobi a ƙasashe.
Ni dai na ga ta tsuguna a tsakar gidana
tana shan gwaten acca, tana neman ƙari.

Shagon yanzu wayoyi ake gyarawa a ciki.
Ta zaunar da ni a bakin ƙofa, ta ce in yi magana.
Na ce, ubanki na bina fam biyu,
na auren Ladingo, Allah ya ji ƙanta,
kuma nauyin ya hana ni barci.
Ta zaro littafin daga jaka, bangonsa duk ya ci.
Muka bi shafi shafi da yawu a yatsa.
Ga sunana.
Gabansa fari fat,
sai ɗan kurji a jikin takarda
inda roba ta bi.

Jiya jikana ya nuna mini fim ɗin a waya.
Ga ni, da hular da Ladingo ta tsana,
ƙarƙashin gemuna rubutunsu na wucewa
kamar wanki a kan igiya.
Ban san me suka ce na ce ba.
Na dai ga wurin da magana ta ƙare mini,
na yi ta murza bakin rigata.
Ba ta yanke ba.
Ta bar shirun da tsawonsa.