Kwalbar Kulu

Shekara tara ina koyar da Turanci a wani ƙauyen Auyo,
aji biyar, ɗakin da ke yoyo ta kusurwar gabas.
In na karanta layi, yara arba'in da shida su maimaita,
murya ɗaya, rau, kamar an zuba tsakuwa a kwano.
Mai duba makarantu ya ji, ya gyaɗa kai,
ya rubuta yabo, ya buga babur ɗinsa.

Cindo ya fi kowa.
Harshensa ba ya tuntuɓe, shafi guda numfashi uku.
Ran nan na tare shi a tsakiyar labari:
"Yaron da ka karanta, me ya sa shi kuka?"
Ya dube ni, ya dubi allo,
ya dubi ƙadangaren bango ko zai agaza.
Ashe buhu nake ta ɗinkewa
ban leƙa na ga ko da hatsi a ciki ba.

Wata Laraba Kulu ta zo a makare,
da kwalba ƙulle a gefen zane.
Akuyar innarta ce ta daina cin harawa.
Mai magani a kasuwa ya ce a ba ta kaɗan.
Kaɗan ɗin nawa? Ya riga ya naɗe tabarmarsa.

Na rufe littafi.
Na kwashe rubutun jikin kwalbar na zuba a allo,
na ce yau ba mai ɗaga murya.
Ku shiga kamar masu roron gyaɗa,
kowa ya tsinto kalmar da ya sani.

Wannan ya tsinci ruwa.
Waccan ta tsinci safiya.
Barau ya cafke kilo, don babansa mai awo ne,
aka yi ta gardamar nauyin akuyar da rabin ajin ba su taɓa gani ba.

Saura kalma ɗaya a layin ƙarshe,
doguwa, ta zauna kamar baƙo a zaure.
Na ce baƙon da bai faɗi sunansa ba,
dubi waɗanda ya zauna a tsakaninsu.

Cindo ya miƙe.
Karon farko na ji harshensa yana ɗingishi.
Ya je, ya dawo, ya sake komawa.
"Malam, na gabanta cewa yake kada a ba.
Na bayanta dabba ce.
Akwai wata irin dabbar da aka hana."

Muka buɗe ƙamus ɗinmu mara bango.
Mai ciki.

Kulu ba ta nemi izini ba.
Takalminta ɗaya muka tsinta a bakin ƙofa.

Bayan girbin shinkafa akuyar ta haifi biyu.
Mai duba makarantu ya dawo,
ya ce karatun yaran nan ya yi nauyi,
suna tsayawa, suna tambaya, har musu suke da littafi.
Na ce haka ne, ranka ya daɗe.
Ban ba shi haƙuri ba.