Cokalin Kaka Mietjie

Kakata Mietjie ba ta san baƙi ba,
amma tana karanta ƙasa.
A Heuningvlei, inda duwatsu suka yi ja kamar an gasa su,
takan durƙusa tun rana ba ta buɗe ido ba
ta zuba wa tururuwa nata idon.

"Jafta, ɗage ƙafarka.
Ka tsaya a kan hanyar masu gida."

Roibos ba ya riƙe 'ya'yansa.
Kwanso ya bushe, ya yi ƙas,
iri ya watse cikin yashi,
ko ƙwayar riɗi ta girme shi.
Sai mutum ya wuni yana tankaɗe
bai cika murfin kwalba ba.
Baƙar tururuwa kuwa ta san inda kowanne ya faɗi.

Mukan bi jerinsu, wani lokaci taku tamanin,
ta ƙarƙashin ƙaya,
ta bayan dutsen nan mai kama da jaki a kwance,
har bakin rami.
Da cokalin shayi take tono,
wanda yashi ya cinye masa gefe guda.
Sai ga rumbu.
Ta kasa uku: biyu cikin kwalin ashana,
ɗaya ta mayar, ta shafe da tafin hannu.
"Wanda ya yi maka aiki, ba ka barinsa ya kwana da yunwa."

Shekarar da na kai sha uku
wani mai mota daga Clanwilliam ya yi wa kwali farashi.
Ni kuma ina son takalmi.
Na je ni kaɗai, na kwashe tas,
har da lasar yatsa don na ƙarshe ya manne.
Takalmin ya matse ni.
Ban faɗa ba, ba ta tambaya ba.
Ta dai tsaya a kan ramin da ya mutu,
ta jima,
ta ce mu tafi, ruwa ya kusa tafasa.

Cikin Janairu, da zafin da jaki ke ƙin tashi,
muke sa lauje, mu ɗaure dami-dami.
A datsa, a yayyafa ruwa, a murje,
a tara tsibi ya kwana yana gumi.
Da almuru kore ne.
Da asuba ya koma ja,
ƙudan zuma ke riga mu sanin ya yi.
Sai a baza shi a rana,
ƙamshin ya bi mu har cikin coci.

Jaririn Hendrina mai murɗar ciki, cokali biyu, ya yi barci.
Ƙurajen Barend, a jiƙa tsumma a ɗora.
Targaɗe kuwa sai ganyen buchu.
Ba ta karɓar kuɗi.
Ƙwai takan karɓa, in an matsa mata.

Ta rasu cikin ruwan Yuli.
Disamba wuta ta gangaro daga kan dutse,
ta ci gonaki, ta ci rumfar ƙungiyarmu
da buhu huɗu na irin da muka tara.
Maza suka zauna suna lissafin bashi.

Na ɗauko cokalin daga cikin gwangwanin sukari.
Yanzu shekaruna hamsin da ɗaya, gwiwa ba ta son ƙasa,
amma na durƙusa cikin toka.
Ranar farko, ba kowa.
Ta biyu, iska ce kawai.
Ta uku, ga guda ɗaya, baƙa a kan baƙi,
tana sauri kamar ba a yi komai ba.

Na bi ta. Na cire takalmi.

Wuta ba ta kai can ƙasa ba.
Rumbun yana nan, cike, da ɗan ɗumi.
Hannuna na rawa na kasa uku,
gona takwas suna jirana a gari.

Na ɗauki ɗaya.
Ina da tsohon bashi a wannan gida.