Wandon Iska

Babana Jabbi ne mai riƙe da makullin ƙofar
filin da ba shi da katanga.
Shekara talatin da ɗaya yana koran awaki
daga hanyar da ba ta zuwa ko'ina
sai sama.

Kakana ya ce da gayya aka share wurin.
Ƙauye bakwai aka tara, kowa da gatarinsa,
aka tuge sabara, aka kwantar da giginya tara,
aka jera fararen duwatsu kamar haƙoran ango.
Ladan kwana arba'in: gishiri da sisi.
Ranar da na farin ya sauko
mata suka bar tuluna a bakin rijiya,
jakin Labbo bai dawo gida ba sai Talata.

Akwai doguwar sanda a gabas
da aka ɗaura wa jan ƙyalle mai baki biyu.
Mu muka raɗa masa wandon iska.
In ya miƙe, Baba ya gyara hula ya dubi yamma.
In ya kwanta, sai ya ɗora shayi.

Na ga abin da aka sauke a nan:
allurar sanƙarau cikin ƙanƙara,
shekarar da zaman makoki ya hana kasuwa ci;
injin ban-ruwa na mutanen fadama;
wani likita da ya yi amai a kan takalminsa;
akwatin wani ɗan kasuwa
da ya hau da ƙafarsa wata uku kafin nan.
Sai ƙaramin nan ruwan ɗorawa, mai feshi,
da ke tashi da almuru ya bi jan-baki har makwancinsu.
Da safe gero ya tsira,
gona ta yi tsit, ƙasa duk gashin tsuntsu.

Daga baya babban fili na birni ya kwashe su,
mai kwalta, mai fitilu.
Ba wanda ya aiko takarda ya ce an daina,
jirage ne kawai suka mance hanya.
Baba bai fasa zuwa bayan asuba ba,
ya tsince ƙusa, ya cire ƙaya, ya buɗe littafi:
Litinin, babu.
Talata, babu.
Littafi shida na babu na gada,
da makulli, da butar shayi.

Yau in ka zo, taka a hankali.
Kulu da ƙannenta sun shanya tattasai
tun daga bakin fili har tsakiya, ja wur.
Buhunan albasa na jiran tirela a inuwar ɗakin rediyo,
samari kuwa suna kan rufinsa,
don can ne kawai waya ke kama magana.
Sahabi na koya wa matarsa tuƙi,
tana taka birki daidai inda matuƙa ke ɗaga hanci.
Duwatsun kakana sun zama ragar ƙwallo.

Bara mai saukar ungulu ya sauka, ba sallama.
Iskarsa ta ɗebe tattasan Kulu ta raba wa gari,
har liman sai da ya yi atishawa a raka'a ta biyu.
Mutum huɗu suka fito da igiyar awo,
suka auna, suka ce za a gyara,
suka sayi kilishi, suka tashi.
Na shiga ɗaki na ɗauko littafi na shida.
Hannuna na rawa,
ban san yadda Baba ke rubuta akwai ba.

Kulu har yanzu ni take bi kuɗin tattasai.

Ba mai biyana ko sisin kakana,
amma duk farkon damina
nakan karɓi tsohon zanen Tumba,
in kai wa tela ya ɗinke shi baki biyu,
in hau sandar nan da gwiwar da ta fara ƙara.
Manoma na duba shi su san ta inda hadari zai ɓullo.
Ni kuma in ya miƙe
sai in ji hannuna ya kai ga hula.