Sunan da Ruwa Ya Kawo

A ajin da nake koyarwa a Gangare,
in na kira Afnan, hannu biyar ke tashi.
Dole na raba su da alama:
Afnan mai wushirya, Afnan ta gidan mai nama,
Afnan da kullum takalminta ɗaya ke ɓata.
Na taɓa tambayarsu abin da sunan ke nufi.
Suka dubi juna. Ƙaramarsu ta ce,
"Malama, ai sunan 'yan gayu ne."

Sai ga nawa cikin ya tashi sauka
a dare na uku da sama ta ƙi ɗaukewa.
Dilimi ta cika ta batse,
ƙanƙara na dukan kwanon asibiti
har ungozoma ba ta ji kukan ɗiyar ba,
bakin kawai ta gani a buɗe.

Da safe Ɗanlami ya shigo, hula a jiƙe, waya a hannu,
ya ce ya riga ya zaɓa.
Na ce wanne? Ya ce Afnan.
Na yi dariyar da ta ja mini ɗinki.

Iya Ladingo na gefe tana ɓara goro.
Ta ce, "Mu a da ba ma zuwa nesa neman suna.
Ɗa shi ke zuwa da abinsa a dunƙule:
na ranar kasuwa, na watan azumi, na bayan tagwaye.
Uwata Marka cikin irin wannan ruwa ta faɗo,
ta girma tana wankin kuza a ramukan Bukuru,
ƙafarta ba ta san bushewa ba
har ranar da ƙasa ta rufe ta."

Ran suna liman ya raɗa, rago ya faɗi.
Na aiki ƙanena ya tambayo mini ma'ana.
Ya dawo da laima a karye, yana haki:
"Wai rassa ne. Rassan itace masu ganye."

Iya ta tofar da tukar goro, ta ce,
"To wa ya taɓa ganin reshe ya yi ganye ba ruwa?"

Yanzu a takarda Afnan ce, ta shida a unguwa.
A tsakar gida kuwa Marka ake kira,
har uban, in ya manta kansa.
Ita dai ba ta amsa ko ɗaya ba tukuna.
Amma in yayyafi ya soma taɓa kwano,
sai ta saki nono,
ta kasa kunne.