Allon Wiesława

A Gdynia, daren Janairu, ƙanƙara ta daskare a bakin tasha,
ni Ludwik, mai shekara talatin ina gyaran wutar jiragen ruwa,
na zauna gaban allon karatu da bai wuce tafin hannu biyu ba,
ya rufe mini ƙofa, ban san ta inda ake shiga ba.

Na matata ne. Da ta rasu kamfani ya aiko da saƙo:
asusu ya bi mai shi,
littattafai aro ne, an karɓe.
Mu da muka zuba kuɗi muna cewa saye ne,
ashe ɗaki aka sayar mana, ba a haɗa da makulli ba.

Jagoda jikata ta iso da kwamfuta a jakar goyo,
hancinta ja saboda sanyi.
Ta ce, "Kaka, akwai ƙofar baya.
Mu tuɓe masa rigar kamfani mu sa masa Linux.
Sai dai in hannu ya goce ya zama bulo,
ba zai sake buɗe ido ba.

Kuma komai na cikinsa zai goge."
Nan na yi shiru.
Littattafan sun tafi, amma abin da ta rubuta a gefensu yana nan.
Kwana uku ina kwafa da biro a tsohon littafin aikina:
"Wannan kyaftin maƙaryaci ne."
"A sayo albasa."
"Na yi kuka a nan."
"Kada Ludwik ya gani, ba zai daina tsokanata ba."

Da mataccen katin banki muka ɓamɓare bayansa.
Ga ɗigon tagulla biyu, ƙanana kamar ƙwayar gero,
sai an haɗa bakinsu da matsefata a daidai lokacin kunnawa.
Hannun yarinya na rawa, ta sha kofi ya yi mata yawa.
Na ce kawo.
Hannun da ya ɗaure waya cikin guguwar teku
bai manta aikinsa ba.

Na farko shiru. Na biyu shiru.
Agogon kicin kaɗai ke magana.
A na uku baƙaƙe suka zubo kamar tururuwa ta ga sukari,
layi na tura layi,
sai ga ɗan tsuntsun ƙanƙara zaune a kusurwa
da farin cikinsa,
Jagoda ta buga ihun da maƙwabta ba su yafe mana ba.

Ba zan yi ƙarya ba, yana da cutarsa.
Batir ba ya kwana.
Fitilar gefe ta ƙi kamawa, sai na jawo ta tebur.
Amma duk littafin da na ba shi yana karɓa,
ba mai ƙirga shafukana daga wata ƙasa,
ba mai tallata mini abin da ban tambaya ba.

Irin wannan allo yana riƙe inuwa.
Ƙasan sabon rubutu, in na karkata shi wajen taga,
ina ganin burbushin shafinta na ƙarshe,
toka-toka, kamar sawu a dusar da ta fara narkewa.
Jagoda ta ce umarni ɗaya ne ya wanke shi tas.
Ta ɗora yatsa, tana dubana.
Har yau ban ce mata to ba.