Albashin Kawu Barau

Shekara talatin suna kwance a gwangwanin madara
can ƙasan rumbu, inda geron bara ke gaisawa da na bana.
Gara ta ci takardar gona,
ta ci hoton aurensa har da hular ango,
su kuwa ta shinshina ta wuce.

Ƙwandaloli ne na roba, da nauyi kamar ba roba ba,
gefensu da tsaga fari-fari.
Ja, kore, baƙi, sai shuɗi guda tara.
Ɗari da arba'in da uku.

Kawu bai taɓa caca ba, mai musu ya kawo Alƙur'ani.
Shara ya yi a gidan cacar wani otel a Ikko,
shekara goma sha ɗaya yana bin ƙasan tebura da tsintsiya
in masu kwat sun watse da asuba, idanunsu kamar garwashi.
Da gidan ya soma tangal-tangal
albashin wata huɗu ya maƙale.
Manaja ya cika masa hula da waɗannan, ya ce,
"Litinin ka zo a canza maka."
Litinin ta zo.
Kwaɗo ya tarar a ƙofa, ƙato kamar kan ɗan akuya.

Ya hau bayan motar goro ya dawo ƙauyenmu, gabas da Jahun,
bai ce wa kowa uffan ba.

Ban san abin da ya taɓa shi bayan girbin nan ba.
Ya sayar da tunkiya, ya kira Mati kafinta.
Katakon maɗaci, in ji shi, ban da na kanti.
Mati ya fafe cikin layi-layi kamar kunyoyin gyaɗa,
ya yanko gilashi daga tagar wata bas da ta mutu a tasha.
Shimfiɗar ciki kuwa sai da aka buɗe adakar marigayiya Tabawa
aka ciro koren zanenta,
don teburan can, in ji Kawu, kore ne rufinsu,
kuma ita ce ta ci bashin hatsi a watanni huɗun nan.

Ni na wanke su, ɗaya bayan ɗaya, da ruwan toka.
Shi ya jera.
Jajaye a sama, baƙaƙe a ƙasa,
shuɗin nan tara a tsakiya kamar manyan baƙi.
Hannunsa na rawa, amma bai yarda na taya shi ba.
Muka kafa ƙusa a zaure, nesa da inda soro ke yoyo,
nesa da ranar hantsi mai cin launi.

Liman Cindo ya shigo, ya tsaya, ya gyara tabarau.
"Barau, kayan caca a zauren musulmi?"
Kawu ya ce, "Gafarta malam, gumina ne.
Wani ya rataye takobin kakansa,
wani takardar makaranta.
Ni abin da aka biya ni ke nan."
Liman ya daɗe yana kallo.
Sai ya tambayi nawa ne baƙar a lokacin.

Yanzu duk Alhamis ina goge gilashin,
Kawu na ƙirgawa da bakin sanda.
Makon jiya ya tsaya a ɗari da arba'in da biyu.
Gurbi a layin jajaye, kamar wawulo.
Aka titsiye yaran gida, aka zazzage aljihu,
aka duba ramukan dara a gindin tsamiya.

Jiya na gan ta.
Tana ƙarƙashin ƙafar teburin Ɗanlami mai shayi,
wanda ke gurgunta tun bara yana zubar wa mutane ruwan zafi.
Yanzu tebur ya tsaya cak.

Na gaya wa Kawu, na ce in karɓo?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, "Bar ta.
A cikinsu duka ita kaɗai ta taɓa samun aiki."