Mariƙi na Bakwai

Ranar farko Mushe Gonda bai taɓa allo ba.
Ya aza bido a kan tebur,
lita ashirin da biyar, cike har wuya,
ya ce kowa ya kai shi bakin ƙofa ya dawo.
Muka yi dariya, muka ɗauka.
Dariyar ta ƙare a rabin hanya.
Ya ce mu buɗe tafi.
Jan layi kwance a gindin yatsu huɗu.
"Ga tambayar jarrabawa nan a hannunku.
Wata uku gare ku."

Ni kuwa tun ina ƙarama ake cewa na iya zane.
Dare biyu na kwana gaban na'ura,
na fitar da mariƙi mai lanƙwasa kamar wuyan balbela,
kowane yatsa da ɗakinsa.
Barira ta ce wannan ai na ajiya ne a gilashi.
Kuran ya ɗauke,
na zauna cikin duhu ina yaba kaina.

Na farko na kwali ne, ya sha gumi ya mutu.
Na biyu itacen bedi, ya tsage ta ido.
Na uku mai walda ya ƙona min shi,
ya kuma karɓi dala ɗari bai ji kunya ba.

Na huɗu na kai famfon Garin Malam,
inda bidoji ke riƙe wa masu su layi tun asuba.
Ruwa a Damagaram baƙon dare ne,
ba ya sallama, ba ya ban kwana.
Tsahiru ga-ruwa ya karɓa, ya jujjuya, ya zura hannu.
Yatsunsa suka ƙi ɗakunan da na gina musu.
Ashe hannuna na auna
na ce shi ne hannun duniya.

Bai ce komai ba. Ya miƙo tafinsa:
kanta kamar bayan duwatsun Birni,
ƙaramin yatsa a karye tun wata damina,
ya warke yana kallon gefe.
Sannan ya nuna min nasa bidon,
tsohuwar robar kabu-kabu naɗe a mariƙin.
"Shekara tara," ya ce, "ba ta taɓa cizona ba."
Na ɓoye takarduna a ƙarƙashin mayafi.

Kwana shida ina bin kurarsa
daga famfo zuwa Zango, ina ƙirga ɗagawa.
Na ga ba ɗauka ke cin hannu ba, saukewa ce,
lokacin da ruwan ya yi tsalle a ciki
ya fizgi mutum kamar akuya a igiya.
Babu littafin da ya gaya mini wannan.

Na biyar ya yi faɗi. Na shida ya yi santsi.
Na bakwai guntun tiyo ne da roba,
Baba Mutari baduku ya ɗinke shi da fatar akuya,
yana mitar ƴan jami'a da son auna abin da ido ya riga ya gani.
Ba shi da kyau. Ba ya kama da wuyan kowa.
Na bar masa ƴar ƙugiya ɗaya a gefe,
ita kaɗai ce gadon zanena na farko.

Mushe Gonda ya ɗauka, ya kai bakin ƙofa, ya dawo,
ya dubi tafinsa ya daɗe.
Sha uku bisa ashirin.

Jiya a bakin Kasuwar Dole
na hangi Tsahiru yana sauke bido.
Fatar ta yi baƙi da gumi, ta bi siffar hannunsa.
Ƙugiyar kuwa ya datse ta da wuƙa.
Na tsaya ina kallon wurin da take,
sai na laluba jaka, ina neman fensir.